Abokin Aiki Ranar Wuya

Bahindi gari ne a ƙasar Bagudo, cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi. Ta wannan yanki kogin Kwara ya ke shigowa Nijeriya, bayan ya raba tsakanin Nijar da Benin, ƙasar da a ke kira Dahome kafin 1975. Tun da Turawan Ingila da na Faransa suka ƙulla yarjejeniyar 1898, wadda ta bar Illo a hannun Ingilishi, mutanen wannan wuri suka zama mazauna bakin iyaka. Ƙasa ce mai albarka, ga fadamun shinkafa, ga kifi, ga shanu, ga kasuwannin da za a ji Hausa da Filatanci da Zabarmanci a rumfa guda. Amma ga ma'aikacin hukuma ƙasa ce mai wuyar sha'ani. Birnin Kebbi da nisa, kogi ya ratsa ƙasar, wani ƙauyen kuwa in damina ta yi tsakiya ba a kai gare shi sai a kwalekwale.

Ba mai musun wannan wuya sai wanda bai taɓa barin inuwar ofis ba. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a fara buɗe waɗansu ba sai Disamba na 2020, ta Kamba ma sai Afrilu na 2022. A Nuwamba na 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, har ya zamana malamin da ke hawan babur zuwa wurin aikinsa sai ya sayi mai a kwalba da tsada. A daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta rusa gidaje, ta yanke hanyoyi. A farkon 2023 kuma aka shiga ƙarancin takardun kuɗi sabo da canjin naira, mutum yana da albashi a banki amma ba shi da abin biyan kuɗin fito. Duk wannan ya auku, kuma ya auka wa malamin makaranta, da malamin asibiti, da malamin gona, da malamin dabbobi, da akawu, da masinja.

To, amma fa cikas iri biyu ne. Akwai wanda ya ke zuwa daga waje, kamar ruwa da nisa da dokar da aka yanke a Abuja. Akwai kuma wanda ya ke tsirowa a tsakanin abokan aiki su kansu, ranar da na wajen ya iso. Na farko ya kan jinkirta aiki, na biyu shi ke kashe shi. Ambaliya ta kan yi wata guda ko biyu ta janye, amma mugun halin da ma'aikata suka koya a cikinta ya kan zauna shekara da shekaru, har sababbin ɗauka su tarar da shi su zaci shi ne ka'idar aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In wuya ta faɗo wa ma'aikata, mafi yawa su kan kasu huɗu. Na farko shi ne mai naɗe hannu. Shi dai kalmarsa guda ce, "Ba aikina ba ne." Rufin aji ya yaye, sai ya ce na sashen ayyuka ne. Alli ya ƙare, ya ce na hedimasta ne. Hedimasta ya tafi gari, ya ce sai ya dawo. Yana zaune a gindin bishiya yara na kokawa a gabansa, in an tambaye shi ya ce yana jiran umurni daga sama. Irin wannan ba ya sata, ba ya ƙarya, shi ya sa ya ke ganin kansa mutumin kirki. Alhali kuwa a ƙarshen wata ya kan miƙa hannu ya karɓi ladan aikin da bai yi ba, ya manta cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Na biyu shi ne mai ture laifi. Wannan ya fi na farko kuzari, sai dai duk kuzarinsa a baki ya ke. Tun kafin a tambayi dalilin ɓarna ya riga ya shirya sunan wanda zai jingina wa. Shi ne za a ga ya riga kowa zuwa wurin shugaba, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na gaya wa Malam wane tun makon jiya, bai ji ba." Da za a bincika da an tarar bai gaya wa kowa kome ba. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani. Inda aka sami irinsa guda ɗaya a ofis, kowa sai ya koma tsaron bayansa, ba mai sauran hankalin da zai sa wa aikin.

Na uku shi ne mai rowar sani. Galibi tsohon hannu ne, ya san hanya, ya san wane mai unguwa a ke fara gaisarwa, ya san watan da rafi kaza ya ke cika, ya san yadda a ke cika takardar neman kaya har ta sami shiga. Amma in an kawo yaro sabon ɗauka, ba zai nuna masa ko ɗaya ba, don yana tsoron kada yaron ya iya a daina nemansa. Sai ya bar shi ya yi ta karo da bango, shi yana gefe yana murmushi. Ranar da aka yi masa canjin wuri, ko ya yi ritaya, ko ta Allah ta kasance, sai sanin ya tafi tare da shi, ofis ya koma kamar yau aka buɗe shi.

Na huɗu shi ne mai rufa asiri, kuma a kansa ya kamata a daɗe, domin shi kaɗai ne a cikinsu mutane su ke yabo. Ukun farko kowa ya san aibinsu. Shi kuwa wannan ana ce masa mai zumunci, ɗan halak, wanda ba ya tona abokinsa. A gaskiya ya fi sauran ɓarna, don muguntarsa ta sa rigar alheri.

A ɗauki misali. A ce ga ɗakin shan magani a wani ƙauye na ƙetaren kogi, an tura masa ma'aikata uku. Ba gidan kwana a wurin, kuɗin fito kullum ya fi ƙarfin albashi, iyalansu kuma suna gari. Wannan cikas ne na gaske, ba wanda zai zarge su don sun ji nauyinsa. Sai su zauna su yi shawara, su ce kowa ya riƙa zuwa mako guda yana hutawa biyu, wanda ya zo ya sa wa sauran hannu a rajista. Watan farko abin ya tafi daidai. Wata rana mai mako ya sami saƙo ɗansa ba lafiya, ya kulle ƙofa ya tafi, ya san dai ba mai tambaya. A ranar wata mata ta taso daga tunga da goyo, zazzaɓi ya kama yaron har yana shiɗewa, ta biya kuɗin jirgi da kuɗin da ta sayar da kaza, ta iso ta tarar da kwaɗo a ƙofa. A rajista kuwa an rubuta mutum uku sun zo aiki ƙarfe takwas.

Mai karatu ya duba abin da rajistar nan ta aikata. Ba matar kaɗai ta cuta ba, har su ma'aikatan ta cuce su. Domin in takarda ta isa hedkwata tana cewa kome lafiya, mutum uku suna zuwa kullum, wa zai tuna a gina musu ɗakin kwana? Wa zai sa kuɗin fito cikin kasafi? Wa zai ce a nemi ɗan ƙauyen a koya masa aikin? Da sun rubuta gaskiya tun farko, su uku suka sa hannu, suka ce ga abin da ya gagare su, da ko ba a yi musu kome ba an san da maganar, kuma akwai ranar da wani shugaba zai buɗe fayil ya gani. Amma sun ɗauki cikas ɗin sun binne shi da hannunsu, suka daɗa ƙasa a kai. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, to, in mai ɗakin ya rantse ba yoyo, maƙwabci ba zai kawo masa ciyawa ba.

Haka abin ya ke a makaranta, inda malamai su kan raba kwanakin mako a tsakaninsu, yaro ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba, rahoto kuwa yana cewa an gama manhaja. Haka ya ke ga wanda aka aika ya ƙidaya gonakin da ruwa ya ci, ya ga taɓo ya yi yawa, ya zauna a kasuwa ya rubuta sunayen da aka faɗa masa, abokin tafiyarsa ya sa hannu ya shaida. In taimako ya zo sai ya faɗa hannun wanda bai shuka ko tiya guda ba, manomin da ya yi hasara yana kallo. Ba wanda ya yi niyyar zalunci a cikinsu. Kowa dai ya ji kunyar abokinsa, kunyar nan kuwa talaka ne ya biya kuɗinta.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Su kan ce albashi kaɗan ne, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari, kayan aiki babu, manya kuma suna cin nasu ba mai cewa uffan, don me za a matsa wa ƙaramin ma'aikaci? Maganar albashi gaskiya ce, hakki ne kuma a neme shi da babbar murya, ta hanyar ƙungiya da takarda da duk wata ƙofa ta halal. Amma wanda ya hana albashi yana birni, wadda aka rufe wa ƙofa tana tunga. Ina adalci a ce wani ya mari mutum, shi kuma ya juya ya rama a kan marayan da ke tsaye kusa da shi? In ɓarnar manya ita ce hujjar ƙanana, to, ƙanana ma sun zama hujjar manya, don babba zai ce ga su nan ko an ba su ba su yi. Da haka kowa ya sami abin fakewa, aiki ya mutu a tsakiya.

Su kan ce kuma addini ya yi horo da rufa asirin Musulmi, tsegumi kuwa haram ne. Wannan ma gaskiya ce, amma an ajiye ta inda ba wurinta ba. Asirin da a ke rufawa shi ne aibin mutum na tsakaninsa da Ubangijinsa, wanda bai taɓa hakkin kowa ba. Wanda ya sa hannu a madadin wanda bai zo ba kuwa shaidar zur ya yi, ya kuma taimaka a ci dukiyar baitulmali ba da hakki ba. Ko almajirin da bai wuce izu biyar ba ya san matsayin shaidar zur. Ƙasar Gwandu ce fa wannan, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya wallafa Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu riƙon al'amuran jama'a iyakar da shari'a ta sa musu. Abin kunya ne a ce a ƙasarsa ne za a mai da cin amana zumunci.

Ba cewa a ke yi kada abokan aiki su taimaki juna ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wuri irin wannan wanda ba shi da mataimaki ba zai yi wata uku ba. Sai dai a rarrabe taimako da rufa-rufa, rarrabewar kuwa ba ta da wuya. In malami ya kwanta ciwo, abokinsa ya haɗa aji biyu ya koyar, ya rubuta a littafi cewa wane ba shi da lafiya, shi ya riƙe masa, wannan taimako ne, don yara sun yi karatu kuma takarda ta faɗi gaskiya. In kuwa ya sa masa hannu ya bar ajin ba kowa, wannan rufa-rufa ce, don takarda ce ta yi aiki, yara ba su sami kome ba. Ma'aunin guda ne, watau a tambaya, bayan an gama, mutumin da aka ɗauki ma'aikacin dominsa ya sami biyan bukata ko bai samu ba?

Ba sai an je Turai neman wannan darasi ba, yana nan a bakin Kwara. A dubi matuƙan jirgin fito ranar kasuwa. Ɗaya yana baya yana riƙe da akala, ɗaya yana gaba yana duban tudun yashi, yaro yana tsakiya da ƙwarya yana kwarfe ruwa. In yaron ya ga ruwa na shigowa ta wata kafa, ba ya yin shiru don kada a ce ya tona asirin masassaƙi, kururuwa ya ke yi tun kafar tana ƙarama. In na gaba ya gaji, na baya ya kan karɓe shi, amma ba wanda zai bar gaban jirgi ba kowa ya ce wa fasinja akwai mutum. Sun san in jirgi ya kife ba ya zaɓen wanda zai nutsar. Haka kuma manoma a wurin gayya. A fili a ke kiranta, da ganga, kowa da kunyarsa a gaban jama'a, wanda ya yi baya a taya shi a fitar, ba a ce ya gama alhali ciyawa tana tsaye.

Ko a cikin aikin hukuma an ga amfanin wannan. Masu rigakafin shan inna su kan fita ƙungiya ƙungiya, mai ɗiga magani, da mai rubutu, da wakilin mai unguwa, suna bi gida gida, su shafa wa yaro tawada a yatsa, su yi alama da alli a bango. Da yamma a taru kowa ya faɗi gidan da aka hana shi shiga da ƙauyen da bai kai ba, gobe a koma da dagaci ko liman. Inda aka riƙe taron yamman nan da gaskiya, aiki ya ci gaba. Inda kuwa aka sami masu haɗa baki su shafa tawada ba su ɗiga magani ba, can ne cutar ta sami maɓoya, har aka yi ta maimaita aikin da ya kamata a ce an gama. Da faɗin gaskiya da komawa aka kai ga cewa tun 2016, a Jihar Borno, ba a sake samun ainihin ƙwayar cutar ta daji a Nijeriya ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar kawar da ita daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020. Ruwa da nisa da rana duk suna nan a lokacin, ba su hana ba.

Kada kuma wani ya zaci zamanin En'e a ke yi wa kuka. Lalle a wancan zamani akwai rangadi, Hakimi da Di'o su kan fita su kwana a ƙauye su duba littattafai da idonsu, zuwa da kai kuwa ya fi saƙo. Amma akwai tsoro, akwai gaisuwa da abin hannu, akwai rufa wa na gaba asiri ko da ya danne talaka. Shi ya sa a watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Waɗansu sun ji zafi, sun ga kamar ya tona asirin gida. Amma maganarsa ce ta jawo binciken da ya kai ga dokar En'e ta 1954. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Daga baya, a 1976, aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, a watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Suna ya sake, doka ta sake, amma ba dokar da za ta haye kogi ta buɗe kwaɗon ɗakin magani. Wannan sai mutum, da abokin da zai ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, mu tafi."

Abin da ya wajaba ga abokan aiki ranar wuya ba shi da yawa. Su zauna tare tun abin yana ƙarami, kowa ya faɗi abin da ya gagare shi ba tare da an yi masa dariya ba. Abin da su ke iyawa da hannunsu su yi, ko da ba a rubuta shi cikin aikin kowa ba, kamar ɗaure rufin aji ko neman aron ɗaki wurin mai gari. Abin da ya fi ƙarfinsu su rubuta shi a takarda guda, da kwanan wata, kowa ya sa hannunsa na kansa, su aika, in ba amsa su sake aikawa. Wanda ya ga kuskuren abokinsa ya fara samunsa a keɓe ya gaya masa, sau ɗaya, sau biyu, in ya ƙi ji sa'an nan a kai gaba, a gabansa kuma, ba a bayan idonsa ba. Tsohon hannu ya koya wa yaro, wanda aka canja wa wuri ya bar bayanin abin da ya sani a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya, sabo da haka shirin damina tun bazara a ke yinsa, a kai magani da alli da littattafai ƙetare kafin rafuka su kawo.

Shugabanni kuma su sani mafi yawan ƙaryar da a ke rubuto musu su suka saye ta. Shugaban da in an kawo masa labarin matsala sai ya amsa da takardar tuhuma, ya koya wa mutanensa kada su sake kawowa. Wanda ya ke ɗaukaka mai daɗin baki ya tura mai gaskiya ƙauyen da ya fi nisa don horo, kada ya yi mamaki in ya wayi gari duk rahotanninsa lafiya lau, ƙasarsa kuwa ba makarantar da ke karatu. Ya fita rangadi, ya shiga jirgin da malamansa su ke shiga, ya biya kuɗin da su ke biya, ya ga inda su ke kwana. Wanda ya faɗa masa gaskiya mai ɗaci ya gode masa a gaban jama'a.

Ruwa zai sake zuwa, domin kogi ba ya sake hali, iyaka ma ana iya sake rufe ta ko wace shekara. Talakawan Bahindi da Zagga da Ka'oje da Illo da Lolo ba su da ikon hana ko ɗaya. Abin da su ke da hakki a kansa shi ne, in sun ɗauko yaro sun biya kuɗin fito sun iso, su tarar da ƙofa a buɗe da mutum a ciki. Allah ya ba ma'aikata abokan da za su taya su aiki, ya tsare su daga abokan da za su taya su ɓoyo, amin.